Karya kaya ko ƙaryar kaya?

 Yau kasuwa zan shiga, kuma na san akwai waɗanda za su ji zafin maganata. Su yi haƙuri. Abin cikin gidanmu ya faɗo, shi ya sa bakina ya ƙi rufuwa.

Ƙanwata ta aurar da 'yarta ta fari bayan kakar da ta wuce. Wata goma ta yi tana zubin adashi, jikka goma duk ƙarshen wata, ita ce ta ƙarshe a kwasa, jikka ɗari cif suka shigo hannunta. Kuɗin kayan ɗaki ne, kowa a gidan ya sani. Kwana biyu da kwasar sai ga adaidaita ɗauke da lasifika yana zagaya unguwa: an karya kaya a shagon wane, mai shago zai tashi, komai rabin kuɗi, kwana uku kacal, wanda ya makara shi ya so. Ta ɗauki mayafi ta hau kabu-kabu, ko shawara ba ta tsaya yi ba. Da la'asar ta dawo da saitin kuloli, filas biyu, fanka, dutsen guga, zannuwan gado da atamfa turmi huɗu, ga jikka shida ƙulle a bakin zane, tana ta murna wai Allah ya yanke mata wahala.

Murnar ba ta kai mako uku ba. Aka zuba tuwo a kula da azahar don gwaji, kafin la'asar ya huce sarai. Filas ɗaya yana yoyo ta gindi. Fankar ta yi ƙauri ta tsaya a dare na tara. Atamfar da aka kai wa tela, da ya ɗora awo ya ce turmin bai cika yadi shida ba, wadda aka wanke kuwa ruwan bokiti ya fi zanen launi. Ta kwashi kaya ta koma. Yaran shago suka ce mata, "Hajiya, ai kayan da aka karya ba a maido su." Da bashi aka ƙarasa bukin, har yau mijinta bai gama biya ba. Shi kuwa mai shagon da zai tashi cikin kwana uku, wata bakwai ke nan yana nan inda yake, lasifikar ma ba ta sauya magana ba. Ba zan kama sunansa ba, domin ba shi kaɗai ke wannan sana'a ba, kuma kowane ɗayanku yana da nasa labarin da nasa shagon.

A rubuce, tsakanin karya da ƙarya ɗan lanƙwasa ne kawai a kan harafin farko. A kasuwa kuwa wannan ɗan lanƙwasa shi ne adashin wata goma.

Kafin wani ya juya mini magana, bari in faɗa da babbar murya: ba da gwanjo nake faɗa ba. Da rigar bosho na yi lakkol tun daga ajin farko, kuma ba na jin kunyar faɗi. In hunturu ya shigo, iskar nan mai ƙura ta taso daga arewa, rigunan sanyin gwanjo su ke rufa wa yaran Kara-Kara da Garin Malam da ƙauyukan Mirriya asiri. Mai bosho bai taɓa ce maka kayansa sababbi ba ne. Ya baje su a kan tabarma, ka ɗaga, ka duba hammata, ka ja zif, ka haska a rana, ka taya, ya ce albarka ko ya sallama. In ka kai gida ka ga huda, idonka za ka zarga. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Haka kuma ban ce babu karya kaya ta gaskiya ba. Akwai ta, kuma rahama ce ga mai saye da mai sayarwa. Ɗan kasuwa ya saro leshi ko shadda don Sallah, Sallah ta wuce, yayi ya sauya, kaya suka yi kwantai. Jarinsa na kwance a kan kanta, ga kuɗin haya, ga yara, ga lokacin komawa Kantin Kwari ya yi. Gara ya sayar a kan uwar kuɗi, ko ma da 'yar faɗuwa, ya samu abin juyawa. Wani lokaci canji ne ke karya shi. Lokacin da naira ta zube a tsakiyar 2023, wanda ya saro kaya a Kano watan jiya sai ya wayi gari maƙwabcinsa ya saro irinsu da sefa kaɗan, dole ya sauko. Wani lokaci iyaka ce. Mun ga rufewar da Nijeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, mun ga ta 2023 da ba a buɗe ba sai a Maris 2024, mun ga yadda kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. A irin wannan hali farashi yakan hau ya sauka ba da son ɗan kasuwa ba, kuma mutumin kirki yakan karya kayansa don ya tsira da mutuncinsa. Kasuwa a kai miki dole, in ji masu magana, mu kuma a nan har sunan muka sa wa tamu.

Karya ta gaskiya tana da alamomi, kuma ba sai ka yi boko za ka gane su ba. Kayan da ake karyawa su ne dai waɗanda ka saba gani a shagon tun da. Ba su cika ba: launin da kake so ya ƙare, lambar takalmin da ta rage ko ta yi maka yawa ko ta matse ka. Kullum raguwa suke yi, kuma ranar da suka ƙare magana ta ƙare. To, ku dubi ta masu lasifika. Kullum kaya ƙaruwa suke, kwalaye na sauka da dare, kowane launi akwai, kowace lamba akwai. Wane irin mai tashi ne wannan da yake sauke sabon lodi duk mako?

Ga yadda ake yi, don wanda bai sani ba ya sani.

Na farko, a hau da kuɗi sannan a sauko. Kular da kowa ke sayarwa jikka bakwai a Kasuwar Dole, sai a rubuta mata jikka goma sha huɗu a kwali, a soke da jan alƙalami, a rubuta jikka takwas a ƙasa. Kin tafi gida kina ganin kin ci ribar jikka shida, alhali jikka guda kika ƙara a kan kuɗin kasuwa.

Na biyu, kaya ne da tun asali don wannan aka saro su. Masana'antun Sin suna yin kaya hawa-hawa, mai kyau da matsakaici da na jefarwa, gwargwadon kuɗin da mai oda ya ajiye. Laifin ba na Sin ba ne kaɗai, namu ne ya je ya ce a yi masa mafi arha, a buga masa tambarin da ya yi kama da na kamfanin da mutane suka sani. Atamfar da aka kwaikwayi zanen Holan, aka ɗura mata sitaci ta yi ƙyalli da kauri, wanki ɗaya ke tona mata asiri.

Na uku, a hana ka gwaji da tunani. Ka ce a jona fanka ka gani, a ce babu kuran. Ka ce a warware turmi a auna, a ce in an warware ba ya sayuwa. Ga kiɗa, ga turereniya, ga wani a gefenka yana ihu a ba shi guda biyar, wanda in ka dawo gobe za ka same shi a wurin yana ihun a ba shi guda biyar ɗin. Yaron gida ne. Ana ce maka saura biyu, saura biyu, tun safe har magariba.

Na huɗu ya shigo ne ta waya. Hoto a WhatsApp ko Facebook, zanin gado kamar na ɗakin sarauniya, an rubuta ragi na kwana ɗaya, turo kuɗi a kawo miki har gida. Abin da ɗan kabu-kabu zai miƙo miki a leda daban, hoton daban, lambar kuma ta daina shiga. Kakanninmu sun ce ba a cinikin biri a sama, mu kuwa yau har kuɗin birin muke turawa tun ba mu ga itacen ba.

Har gwanjon da na yaba an fara shigar da shi cikin wannan wasa. Dilar gwanjo takan zo da nauyin kilo 45 ko 55, a ɗaure. Mai buɗe dila yakan fitar da zaɓin farko, sannan na biyu, ragowar a zube ta dala ashirin-ashirin ko dala hamsin-hamsin. Wannan ciniki ne na halal, kowa ya san matakin da ya saya. Ha'incin shi ne a ɗauki zaɓin farko a wanke, a goge, a liƙa masa sabuwar takarda, a sa a leda, a rataye a butik a ce sabo ne aka karya. Da an ce gwanjo ne mai kyau, da mutum ya saya da kuɗin gwanjo ya yi godiya.

To, yanzu in juyo kanmu, mu masu saye, domin in na tsaya a kan 'yan kasuwa kaɗai ban yi adalci ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai lasifika ya san mu sarai. Ya san lokacin da ake kwasar adashi, ya san ƙarshen wata, ya san goman ƙarshe na azumi, ya san watan Oktoba da ake komawa lakkol, ya san bayan kaka manomi na da kuɗin wake da riɗi a aljihu. Ya kuma san in aka ce rabin kuɗi, lissafi yakan fita daga kanmu. Mutum ya fito sayen bokiti ɗaya ya koma da faranti dozin biyu da ba ya bukata, yana cewa ai araha ce. Abin da ba ka bukata, ko dala aka sayar maka, dalar ta tafi a banza.

Na san amsar da za a ba ni, domin an sha ba ni ita a majalisa: malam, talauci ne, mai jikka takwas ba ya sayen fankar jikka goma sha takwas. Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan magana. Amma mu yi lissafin tare. Fankar jikka takwas ta yi wata biyu ta ƙone. Ka sake sayen irinta, ita ma ta bi 'yar uwarta kafin bazara ta fita. Jikka goma sha shida sun tafi, kana kwance cikin zafin Afrilu da mafici a hannu. Maƙwabcinka da ya daure ya tara goma sha takwas yana bazara ta uku da tasa. Waye ya sayi mai tsada a cikinku? Mai kuɗi in ya yi asarar jikka takwas ko a jikinsa. Talaka ne ba shi da halin sayen abu sau biyu, shi ya sa wannan ƙaryar ta fi cin talaka. Sayen nagari mai da kuɗi gida, tun ba a haife mu ba ake faɗin haka.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ƙanwata ba rashin kuɗi ya kai ta ba. Jikka ɗari na hannunta. Da ta sayi rabin kayan nan masu aminci, da yarinya na amfani da su har yau. Abin da ya kai ta shi ne ranar jere, da 'yan ganin ɗaki masu ƙirga kuloli da ido, da tsoron a ce ɗakin 'yar wance ya fi. Mun mai da kayan ɗaki abin ƙirga, sai 'yan kasuwa suka kawo mana abin da zai cika ƙirga na kwana bakwai. Iyayena mata, ku yi mini afuwa, amma ku ne za ku iya kashe wannan gasa. Ranar da uwa ta jera wa 'yarta kula uku masu riƙe zafi ta ɗaga kai ba ta ji kunya ba, ranar kasuwar mai lasifika ta fara mutuwa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a Damagaram ake wannan. Garin nan da ciniki aka san shi. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ayarin raƙuma daga Tarabulus ta Agadas a nan yake sauka kafin ya wuce Kano ko Kukawa, unguwar Zongo ma ai masaukin fatake ce. Attajirai irin su Malam Yaro sun yi hulɗa da mutanen da ke bayan hamada, tafiyar watanni tsakaninsu, babu waya, babu banki. Me ya riƙe wannan ciniki in ba suna da amana ba? Baƙo ya sauka wurin mai masaukinsa, dillali ya tsaya tsakani ya karɓi la'adarsa, in kaya suka fito da aibi an san ƙofar da za a buga. Ban ce mutanen da duka waliyyai ba ne, kasuwar wancan zamani tana da nata munanan abubuwa da tarihi bai ɓoye ba. Amma ɗan kasuwan da aka kama da algus ya san sunansa ya ɓaci daga nan har Kano.

Malamanmu na zaure ma ba su bar wannan babi ba. Duk wanda ya karanta Risala ya wuce ta babin ciniki, inda aka hana algus da yaudara da ɓoye aibin kaya da cakuɗa mummuna da mai kyau, aka kuma ba mai saye damar mayar da abin da ya samu da aibin da aka ɓoye masa. Sa yaronka ya yi tayin ƙarya don ya zuga wasu, shi ma malaman fiƙihu sun san shi, najashi suke ce masa, kuma haramun ne. Saboda haka maganar wai kayan da aka karya ba a maido su, ban san daga wane littafi aka samo ta ba. Ragin kuɗi ba ya halatta ɓoye aibi. In filas na yoyo ne ya sa ka rage, ka ce yana yoyo, wanda ya ga zai iya ya saya.

Waɗanda muka aro wannan salo daga wurinsu ma ba haka suka sake shi ba. A Faransa gwamnati ce ke sa ranakun babban ragi, sau biyu a shekara, na hunturu da na bazara, mako huɗu kowanne. Kayan da za a karya sai sun kasance a shagon tun kafin lokacin. Tun 2022 kuma, a ƙasashen Tarayyar Turai, in ka rubuta tsohon kuɗi ka soke, dole ya zama mafi ƙanƙantar kuɗin da ka sayar da kayan a kwana 30 da suka wuce. Mu mun ɗauko jan alƙalamin da lasifikar, mun baro dokar a can. Alhali Nijar na da dokar kare haƙƙin mai saye tun 2015. Mutum nawa ne a cikin masu karanta wannan rubutu suka san ofishin da za su kai kuka in an cuce su a kan jikka biyar?

In muka ci gaba da zama bakin kwata inda kowane tarkace ke tsayawa, mu dubi Gana. Kasuwar Kantamanto ta Akara na cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya, miliyoyin tufafi ke shiga duk mako, kuma kaso mai yawa ba ya sayuwa, a bola da bakin teku yake ƙarewa. Ruwanda ta bi wata hanya, ta tsawwala kuɗin duwan a kan gwanjo a 2016, har Amurka ta janye mata rangwamen shigar da tufafi a 2018, ba ta ja da baya ba. Ni ban ce a hana gwanjo a Nijar ba, wanda ya ce haka bai san aljihun mutanenmu ba. Amma mu duba kwatocin garin nan da damina, mu ga fasassun robobi da matattun fankoki da tsummokaran da suka toshe su. Kuɗinmu ne kwance a wurin. A gefe guda ga maƙerin da ke zuba tukunyar dalma, ga baduku, ga tela, ga mai saƙar tabarma, suna zaune kasuwa ta yi musu nisa. Tukunyar maƙerin unguwarku takan ga jikoki, in kuma ta fashe kin san inda yake zaune.

Ga abin da nake nema, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki.

Shugabannin 'yan kasuwa, ku ne farko, domin sunanku ake ɓatawa. Ku sa ƙa'ida a tsakaninku: duk mai shelar karya kaya ya faɗi ranar farawa da ranar gamawa, kayan wuta a jona a gaban mai saye, yadi a auna, a ba da takardar shaidar saye, a kuma ba da ko da kwana uku na mayar da abin da ya fito da ɓoyayyen aibi. Ɗan kasuwan kirki ba abin da zai rasa a nan.

Ma'aikatar magajin gari da ofishin kasuwanci na jiha, mai zagaya gari da lasifika yana cewa zai tashi, ku tambaye shi yaushe. In wata ya zagayo yana nan, ku san abin da za ku yi da shi. Ku kuma sanar da jama'a da Hausa, a rediyo, inda ake kai ƙara.

Gidajen rediyo da masu manyan shafuka, kuɗin talla halal ne, amma muryarku mutane suka yarda da ita. Tsohuwar da ke Dogo ko Gafati in ta ji abu a rediyo, gaskiya ta ɗauke shi. Kafin ku ce rabin kuɗi, ku aiki yaro ya zagaya kasuwa ya tambayo cikakken kuɗin.

Mu kuma masu saye, kafin ki fita ki rubuta abin da kike bukata, ko ki faɗa wa wadda za ta raka ki ta riƙe miki. Ki taya a rumfa uku kafin ki shiga inda ake kiɗa. Ki jiƙa bakin atamfa ki murza a farin ƙyalle. Ki duba kwanan watan da ke jikin man shafawa da sabulu. Abin da aka hana ki gwadawa, ki ajiye shi. In aka ce saura biyu, ki ce Allah ya ba mai rabo, ki je gida ki kwana a kan maganar. In karya ce ta gaskiya kika rasa, kin rasa araha guda, wata na tafe bayan Sallah. In ƙarya ce, adashinki na nan a bakin zanenki.

Ƙanwata ta shiga sabon adashi, saboda akwai ƙaramar 'yarta a baya. Ranar Alhamis da ta wuce mun je Dole tare, muka tsaya wurin wani tsoho mai kuloli, ta ce a zuba ruwan zafi a rufe, za mu zagaya mu dawo. Tsohon ya yi dariya ya aiki yaro wurin mai shayi. Bayan awa biyu muka dawo, ta sa yatsa ta janye da sauri. Guda ɗaya ta saya, bai rage mata ko dala ba.

Allah ya ba 'yan kasuwarmu ciniki mai albarka, ya tsare mana guminmu.